Kusar Rijiyar Jatau

A gidanmu na wajen Gozaki, da an gama cin tuwo bayan faɗuwar rana, Kaka Talatu kan sa a tara mata karan auduga a ƙofar ɗakinta a hura wuta. Mu jikokinta bakwai sai mu kewaye ta, muna tura gyaɗa cikin toka, ita kuwa tana kaɗi da mazarinta. Ni take kira maigidanta, kullum tana yi mini gorin cewa ban taɓa kawo mata cefane ba. Idan ta ce, "Ku gyara zama, ga wata ta iso," mukan amsa mata da cewa ta shigo mu ji ta.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, na dabbobin daji masu wayo da wawayensu. Amma akwai guda ɗaya da ba ta bayarwa sai jefi-jefi, kuma mukan gane ita ce tafe tun kafin ta buɗe baki, domin sai ta ajiye mazarin a cinya ta zuba wa wuta ido.

Ta ce an yi wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri, rijiyar wani ƙauye ta ƙafe. Mata suna tafiya mai nisa su tono rairayin rafi, su dawo da abin da bai kai rabin tulu ba. Sai aka kira wani mahaƙin rijiya, Jatau, da ƙanensa Tanko, su ƙara mata zurfi. Jatau ne ke shiga ciki da diga. Tanko da mazan ƙauyen suna sama suna jan ƙasa a cikin rabin duro, da igiya da aka ɗora bisa itacen da aka gitta a kan gwafanni biyu.

Duron yana da guntuwar sarƙa, kuma abin da ke haɗa sarƙar da igiyar wani ƙarfe ne da Jatau ya samo wurin makanikan manyan motoci a Funtuwa. Kaka "kofato" take ce masa, don ya lanƙwasa kamar kofaton doki, yana da kusa mai haƙora da ake murɗawa ta rufe bakinsa. Jatau ya zaɓi mai kauri, wanda bai yi tsatsa ba, bai kuma taɓa lanƙwashewa a wani aikin ba. Kullum da safe kafin ya sauka yakan nuna wa Tanko yadda ake yi: a murɗa kusar har sai ta ƙi tafiya, sannan a zura waya ta hujin da ke kanta a naɗe ta a jikin ƙarfen, don kada ta juya baya.

Kwana tara suna haƙa. Ran na goma da safe, wayar nan ba ta wurin. Tanko ya murɗa kusar da hannu iya ƙarfinsa, ya ce yau ɗaya dai ba kome.

A nan Kaka kan sassauta murya. Ta ce duk sa'ad da duron ya taso yana juyawa, kan kusar sai ya gogi bangon rijiya, ya kwance kaɗan. Ya sauka, ya kwance kaɗan. Takan nuna mana da yatsunta biyu a cikin hasken wuta, tana murza iska a hankali, mu kuwa har gyaɗarmu ta ƙone ba mai cirewa. Wajen azahar Jatau ya taɓo danshi. Ya yi kira daga can ƙasa cewa ruwa ya zo, mata suka fara guɗa. Ya cika duron da jiƙaƙƙiyar laka, wadda ta fi duk ƙasar baya nauyi, ya ce a ja. Sun ja har sun fara hango bakin duron, sai igiyar ta yi sakayau a hannunsu, mazan suka zube ta baya.

"Ba a ji ihunsa ba," in ji Kaka. "Ƙara ɗaya aka ji, daga nan sai ƙarar ruwa yana tahowa."

Kafin a fito da shi ruwa ya kai ƙirjin mai shiga. Aka kwashe ruwan rijiyar sau biyu, kuma da yake babu wata, ƙauyen suka ci gaba da sha. Sai dai mata suka daina zuwa ɗibar ruwa su kaɗai. Sun ce idan ka zura guga ya kusa taɓa ruwa, sai ka ji muryar namiji daga ƙasa, ba da faɗa ba, tana tambaya, "An ɗaure?" Tanko bai ƙara shan ruwan rijiyar ba. Ya koma bin amalanken shanu da sarƙar garmar mutane yana taɓa kowace kusa, har aka fara cewa ya taɓu. Daga baya ya bar ƙauyen.

Kaka ba ta rufe wannan tatsuniya yadda take rufe sauran. Sai ta ɗauki mazarinta kawai ta ce mu je mu wanke ƙafa. Na daɗe ba na yarda in leƙa rijiyar gidanmu.

Da na girma sai aikin haƙar bohol ya kai ni Malumfashi. Ranar farko da shugaban aikinmu ya miƙo mini ƙarfen da ake saukar da bututu da famfo da shi, ya ce wannan shi ne shakul, na tsaya ina kallonsa kamar na ga wanda na sani a mafarki. Ya nuna mini lambar da ke jikinsa mai faɗin nauyin da zai iya ɗauka, ya ce kada in taɓa sa masa wata kusa ko bolti da ba nasa ba, kada in bar igiya tana gudu a kan kusar, kada kuma in tsaya a ƙarƙashin kaya. Da ya zo kan maganar waya, na riga shi faɗa. Ya tambaye ni inda na koya, na ce wurin kakata. Ya ɗauka wasa nake yi.

A ciwonta na ƙarshe na je gida na zauna da ita kwana uku. Wata safiya, bayan matan coci sun yi mata addu'a sun fita, na gaya mata cewa kofaton nan nata yanzu shi ne abincina. Sai ta ce Jatau mijinta ne na fari, kafin kakanmu, kuma watansu bakwai da aure. Ban taɓa jin haka daga bakin kowa a gidanmu ba.

"Maigida," ta ce, "wayar nan ni na kwance ta."

A gida Jatau ke ajiye kayan aikinsa. A safiyar ranar ta goman nan ƙofar akurkin kajinta ta ɓalle, ta duba ko'ina ba ta sami abin ɗauri ba, sai ta ga 'yar waya a jikin ƙarfe. Ta ɗauka tarkace ne. Da abin ya faru kowa ya nuna Tanko, ita kuwa tsoro ya hana ta magana. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, har ta ji labarin mutuwarsa a Tsiga. Ta roƙe ni in nemi 'ya'yansa in gaya musu. Ta rasu a cikin makon.

Na yi wata huɗu ina ɗaga tafiyar, ina tunanin da wane baki zan faɗa. Daga ƙarshe na hau mashin na tafi Tsiga. Na sami babban ɗan Tanko, Malam Isiyaku, dattijo mai furfura, yana gyaran garma a zaure. Bayan gaisuwa na faɗi wanda nake, na ba shi saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba. Ina jiran ya tashi ya bar ni a wurin.

Bai tashi ba. Ya ce mahaifinsu ya sani tun ranar. Da aka kai gawar yayansa gida, ya ga wayar a ƙofar akurki, ya gane ta. Bai faɗa wa kowa ba sai 'ya'yansa, su ma sai da ya tsufa, ya kuma hana su kai maganar ko'ina.

"Cewa ya yi ita ba ta san amfaninta ba, shi kuwa ya sani," in ji Malam Isiyaku. "Ya ga babu wayar, ya duba da idonsa, ya saukar da ɗan'uwansa. Allah ya jiƙansu duka."

A hanyar dawowa na tsaya a gefen wata gonar dawa na zauna. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana koya mana tsoron rijiya ne. Da na fara aiki na ɗauka tana koya mana ɗaure kusa. Ranar na gane cewa tsohuwar nan ta yi shekaru tana faɗin laifinta a gaban yara bakwai, tana cire sunanta kawai, mu kuwa muna jin daɗin tsoron. Mutum biyu sun rayu tafiyar yini ɗaya tsakaninsu, kowa yana ɗauke da mutuwar Jatau gaba ɗayanta a kansa, kuma wanda zai iya sauƙaƙa wa ɗayan ya zaɓi ya kare ta da shirunsa. Har yau ban iya yanke ko shirun nan alheri ya yi mata ba.

Abokan aikina sun san ba a ɗaga kaya a wurina sai na taɓa kusar da hannuna, ko da wani ya rantse ya ɗaure. Suna yi mini tsiya a kan haka, ina barinsu. Abin da na canza kawai shi ne a gida: duk kayan aikin da na shigo da shi, nakan kira matata da 'ya'yana in gaya musu abin da kowane ƙaramin abu yake riƙewa.