Kunnuwan Ammu Shakshuk

Hilmi Dasuƙi bai taɓa iya ƙago fuska daga kansa ba, sai ya ga mutum yake iya zana shi. Shi ya sa da editan wata mujallar yara a Alƙahira ya nemi sabon wawa da za a riƙa bin labarinsa cikin zane duk Alhamis, Hilmi bai je da nisa ba. Yana cin wake da gurasa ya ɗaga kai ya ga yayansa Ramzi: ga sanƙo, ga kunnuwa kamar faifai, ga in'ina.

Ramzi kwandastan bas ne a unguwar Shubra. Shi ya bar makaranta da mahaifinsu ya rasu, shi ya riƙa saya wa Hilmi tawada da takarda. Tukwicinsa shi ne wawan nan Ammu Shakshuk, wato Baffa Shakshuk, kwandastan da kullum ƙarshen shafi ke samunsa cikin kwata.

Mujalla ta karɓu, Ramzi ya shiga uku. Ɗalibai sukan cika bas suna kwaikwayon in'inarsa, 'yarsa ma ta daina yarda ya raka ta makaranta. Da abin ya ishe shi ya zo ɗakin zane, hula a hannu.

"Hilmi, don girman Allah, ko kunnuwan ka rage."

"Haba Yaya, ai kunnuwan ake saye."

Mara kunyar nan, mako na zagayowa sai da ya sa roƙon cikin labari, har da in'inar, aka kuwa sha dariya. Ramzi bai sake taka gidansa ba. Ya bar aikin bas, ya rasu yana gadin wani sito inda yara ba sa bi.

Shakshuk kam bai mutu ba. Da hannun Hilmi ya fara rawa, kamfanin mujallar ya tuna masa cewa wawan nasu ne, suka miƙa shi ga samari masu zane, shi kuma suka sallame shi da agogon bango.

Tsufa bai raga wa Hilmi ba. Gashi ya zube, kunnuwa suka fito fili, jini ɗaya ne ai. Shanyewar ɓarin jiki ta sarƙe masa harshe. Rannan yana jiran bas ɗalibai suka zagaye shi suna ihun ga Ammu Shakshuk. Ya buɗe baki zai ce shi ne ya zana shi, kalmar farko ta maƙale, ya yi ta nanata ta. Yara suka kwashe da dariya, ɗayansu ya ce, "Wallahi har maganar."