Dije Biyu a Kati Ɗaya

Shekara arba'in da shida ke nan a wannan watan da muka kai Lawali makwancinsa a Gusau. Duk shekara nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Yanzu tsufa ya kama ni sosai, sa'o'inmu sun kusa ƙarewa, kuma akwai maganar da ni kaɗai na rage da zan iya faɗinta.

Ni da Lawali tare muka yi firamare, tare muka yi sakandare, kuma rana ɗaya aka ɗauke mu aikin akawu a wani ofishin lafiya, a tsakiyar shekarun 1970. Ɗakin katuna aka kai mu. Shi aka ba shugabancin ɗakin saboda ya fi ni natsuwa, kuma kowa ya san haka, har ni. Katunan na masu tarin fuka ne daga Gusau da ƙananan asibitocin Tsafe da Bungudu. A lokacin maganin wannan ciwo sai an yi fiye da shekara ana sha, wanda kuwa ya yanke a tsakiya, tarin yakan dawo masa fiye da da. Aikinmu shi ne mu gano wanda ya daina zuwa karɓar magani, mu ba malaman zagaye sunansa, su hau babur su bi shi har gida ko har ruga.

Wata Talata Lawali ya tafi Tsafe, ni kaɗai ne a ɗakin. Ina jera katuna sai na ci karo da guda biyu masu suna ɗaya: Dije Umaru. Duka biyun Fulani ne, duka an rubuta shekara kamar talatin. Ɗaya daga Tsafe, ɗaya daga Bungudu. Na ce a raina ai makiyaya ne, yau suna nan gobe suna can, mace ɗaya ce aka yi wa kati sau biyu. Katin Tsafe ya nuna ta gama magani. Na kwashe abin da ke kan na Bungudu na zuba a bayan na Tsafe da hannuna, na yaga na Bungudu na jefa a kwando. Har daɗi na ji, wai na rage wa ɗakin tarkace. Ban tambayi kowa ba, ban kuma faɗa wa Lawali da ya dawo ba, don ban ɗauke shi wani abu ba.

Bayan damina wani mutum dogo siriri ya shigo ofis da sanda a kafaɗa. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ciro 'yar takardar shaidar karɓar magani daga aljihu ya miƙa wa Lawali da hannu biyu. Umaru ne, mijin Dijen Bungudu. Ya ce ta haihu da farkon damina, rafi ya cika, ta kasa zuwa asibiti. Ya ce, “Malam, an ce muna in mutum ya daina zuwa kuna biyo shi. Mun jira ba mu ga kowa ba, sai munka ɗauka maganin ya isa ke nan.” Ta rasu kwana tara kafin zuwansa, ta bar jaririya. Bai zo faɗa ba. Takardar ya kawo, wai kada a ce sun riƙe kayan hukuma.

Lawali ya nemi katinta bai samu ba. Ya ciro na Tsafe, ya juya bayansa, ya ga rubutuna. Ya daɗe yana kallon katin, bai ɗago ya dube ni ba.

Da magana ta kai gaban shugaban ofis, aka kira mu mu biyu. Shugaba ya buga tebur ya ce wa ya yi wannan aiki. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Lawali ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗakin nan a hannuna yake. Duk abin da ya ɓace a cikinsa ni na ɓatar.” Aka rubuta masa takardar gargaɗi aka saka a fayil ɗinsa. Ina tsaye a gefensa ina kallon ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka Lawali wani waliyyi ne da ba ya fushi. Mako biyu ya yi ba ya cin abinci tare da ni, gaisuwa ma a taƙaice. Ran nan sai ga shi da akwatunan katako uku da ya sa wani kafinta a Sabon Gari ya yi masa. Ya dire su ya ce, “Tashi mu yi aiki. Ɗakin da mutum ɗaya zai iya kashe mace da yaga takarda, ɗakin ma yana da laifi.”

Ga abin da ya tsara. Kowane majinyaci a ba shi lamba tasa shi kaɗai, wadda ba za a sake ba wa kowa ba ko bayan ransa. Akwati na farko na mutane ne, a rubuta sunan mutum sau ɗaya tak tare da lambarsa. Na biyu na wurare ne: ƙauye ko ruga, sunan mai gari ko arɗo, da ranar kasuwar da ta fi kusa. Na uku na zuwa karɓar magani ne, kowane zuwa da katinsa, ba suna a kai sai lamba da kwanan wata. Idan ana neman wanda ya yanke, sai a bi lambobin akwati na farko a duba wadda ba ta da sabon kati a na uku, sannan a nemo inda mai ita yake a na biyu. Ya kafa dokoki biyu: ba a yaga kati, kuma abin da ba a sani ba a bar gurbinsa fili, kada a cike da zato. Wata uku muka yi muna sake kwafe katuna, har yatsuna suka yi kanta.

Shekara ta zagayo, aka aiko cewa ana son mutum ɗaya daga ofishinmu ya je Legas kwas na koyon aiki da kwamfuta. Kowa ya san na Lawali ne. Amma da aka buɗe fayil aka ga gargaɗi, sai aka rubuta sunana. Na same shi a gida da la'asar yana gyaran kekensa, na ce gobe zan je in faɗi gaskiya. Bai bar abin da yake yi ba ya ce, “In ka faɗa, mi za ya faru? Su hana ni, su hana ka, su ba wani can. Tafi ka koyo muna.” Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, da ya faɗi haka, sanyi na ji a zuciyata. Ina son tafiyar. Na je gidansa ne ina fatan ya hana ni faɗa, ya kuwa hana ni.

A Legas wani malaminmu ya raba mana wasu 'yan shafuka a kan wani sabon tunani da ake yi a ƙasashen waje: a zuba bayanai cikin jadawali daban-daban, a haɗa su da lamba, sannan a yi wa na'ura tambaya da wani ɗan taƙaitaccen harshe, wanda duniya ta sani yau da SQL. Na'urar da muke koyo a kanta ma ba ta da shi, labarinsa kawai ake ba mu. Ina karantawa na gane su. Akwatunan Lawali uku ne a gabana, an rubuta su da Turanci.

Da na dawo na kai masa shafukan. Kwana uku ya yi da su da ƙamus a gefe, ya dawo ofis yana dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya ce, “Ashe akwai masu irin haukata a duniya!” Ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ya shiga rubuta tambayoyi da hannu cikin wancan harshen na na'ura, SELECT kaza, WHERE kaza, ba na'ura ba komai, sai ya tashi ya bi akwatuna ya ciro amsar da kansa don ya ga ko tambayar ta yi daidai. Ni da na je kwas, shi ya riƙa gyara mini. Tambayar da ya fi daɗewa a kanta ita ce yadda za a ce wa na'ura ta kawo wanda bai zo ba. Ya ce wanda ya zo ai ya zo, ba shi ne damuwarsa ba.

Da bazara ta tsananta sanƙarau ya ɓarke. Aka nemi masu taimakawa da rajista a Tsafe da Bungudu, Lawali ya ce shi zai je, ni in tsare ɗaki. Ya dawo ranar Alhamis da ciwon kai. Ranar Asabar na je asibiti na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini, amma ya riga ya daina gane mutane. Ya cika ranar Lahadi da hantsi, yana da shekara talatin da ɗaya. Ya bar matarsa Asabe da 'yarsu Hadiza, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Ni kuwa na yi sama da shekara talatin ina rubuta SQL, ina kula da rumbun bayanai, ina samun ƙarin girma. Na koyar da matasa da yawa. Nakan ce musu kada su taɓa haɗa mutum biyu don sunansu ya zo ɗaya, kuma kafin su share layi daga jadawali su fara kiro shi a kan allo su dube shi da ido. Suna ɗauka daga littafi na samo. Akwai ranar da wata ma'aikaciya ta zo da murna ta ce ta share duk sunayen da suka maimaitu a jadawali. Na daka mata tsawar da har yau nake jin kunyarta. Baiwar Allah ba ta san ba da ita nake ba.

Nakan tambayi kaina abin da Lawali zai ce da ya ga yau. Na san zai sha mamakin yadda aikin da ke cin mu mako guda yake fitowa kafin a ɗauke hannu daga maɓalli, kuma na san zai ƙwace kujerar ya ce a bar shi ya gwada. Amma murnar ba za ta daɗe ba. Zai tambayi jadawalin wurare, sai a gaya masa da yawa daga rugagen da ya rubuta da hannunsa babu kowa a cikinsu, ƙauyuka sun watse, mutane sun tarwatse cikin gari. Zai ce to wa ke hawa babur ya bi wanda ya yanke magani, sai a ce masa babu, domin hanyoyin da muke bi da rana tsaka ba tare da tunanin komai ba, yau sai an yi shawara da addu'a kafin a kama su. Na'ura tana fitar da sunaye cikin ƙiftawar ido, sunayen kuma su zauna a kan allo. Ina jin wannan zai fi ƙona masa rai fiye da takardar da aka saka masa a fayil.

Akwatunan sun daɗe da ɓacewa, wajen sauyin ofis aka rasa inda suka shiga. Tsarinsa bai ɗauki sunansa ba, waɗanda suka warke saboda an bi su har gida ba su san an yi wani Lawali ba. Takardar gargaɗin kuwa, idan gara ba ta cinye ta ba, tana nan a wani kabad da sunansa a kai. Ba ni da ikon cire ta. Abin da zan iya shi ne in rubuta a nan, inda kowa zai gani, cewa hannun da ya yaga katin Dije nawa ne.

Kafin in aiko da wannan rubutu na ga bai dace Hadiza ta tsince shi a jarida ba. Na same ta a gidanta a unguwar Damba, yanzu ita ma da jikoki. Na karanta mata tun daga farko. Da na gama ta ce, “Baba, ai mun sani. Tun ranar da abin ya faru mahaifina ya gaya wa Inna, ya ce kada a taɓa yi maka maganar. Ita ma kafin ta rasu haka ta ce mini.”

Shekara arba'in da shida ina shiga cikin iyalin nan. Ni na yi wa Hadiza walicci da za ta yi aure, ni na yi wa ɗanta na fari huɗuba. Duk Sallah Asabe takan aiko mini da tuwo, ta tambayi lafiyar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk tsawon lokacin nan sun san ko ni wane ne, kuma ko sau ɗaya ban ga alama a fuskarsu ba.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya jiƙan Asabe. Allah Ya jiƙan Dije ta Bungudu, Ya raya abin da ta bari idan tana raye. Wanda ya karanta wannan, in ya yi musu addu'a, ya saka ni a ƙarshe.