Tocilar da Manu Ya Bari

Ni Sule maƙeri, na shekara talatin ina bugun ƙarfe a kasuwar Batsari, kuma ba ni da haƙuri da masu kawo mini aiki bayan sun gama ɓata shi. Amma Tasalla ban iya yi mata faɗa ba.

'Yar ƙauyen Karare ce, aure ya kai ta Babban Duhu ta wajen Safana. Haihuwa bakwai ta yi, ɗaya ya tsaya, shi ne Manu. Mijin ya rasu, ta riƙe kanta da daddawa. A zamanin Turawan nan, da aka yi ta ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, da Manu aka tafi. Sau ɗaya ya dawo, da tocila ta ƙarfe mai ƙyalli. Ya kunna mata ta gani, ya ce ta ajiye masa har ya komo. Ya juya ke nan, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ita a tunaninta wutar ciki kamar mai ce a kwalba, in ba a taɓa ba ba ta raguwa. Sai ta naɗe ta a tsumma, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai. Shekara tara tana laluben ɗaki da aci-balbal, ga tocila a gefen gado. Ba miji, ba jika, sai akuya ɗaya da take yi wa hira. Wannan kaɗaici yana ba ni tausayi har yau.

Bayan kaka ta ji ana cewa wasu 'yan kuza sun fara dawowa gida. Ranar ta fara danna maɓallin. Shiru. Ta kai wa maƙwabci, ya ce murfin gindi za a kwance, ya sa ƙarfi har da haƙori, bai motsa ba. Shi ne ta biyo masu jakuna ranar kasuwa, aka nuna mata rumfata.

Muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ta warware tsumman. Farin gari ya daskare a bakin murfin, tsatsa ta haɗe shi da jikin.

"Inna, batir ne ya ruɓe a ciki. Ki bar ta, ki dawo kasuwa mai zuwa."

"A'a ɗana, amana ce. Ba ta kwana inda ba ni."

Ta zauna kan turmin da ke bakin rumfa. Na so in ce to ta kwashe kayanta, ga garemanin mutane na jira, amma sai na ɗauki tocilar.

Awartaki zai lotsa ta, wutar zugazugi za ta cinye ta. Don haka na tsoma gindin a kananzir na bar shi har azahar. Na riƙa ƙwanƙwasa gefen murfin da ƙaramar guduma, a hankali, ina zagayawa. Duk bugu ɗaya sai ta ɗan zabura. Na zuba masa ruwan zafi, na naɗe shi da ɗanyar fata, na matse tocilar tsakanin gwiwoyina, na murɗa. Ya ƙi. Na ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan na juyo baya. Ya yi ƙara kaɗan, ya saki.

Abin da ya zubo baƙi ne, mai wari. Na kankare ciki, na goge da toka da ruwan kanwa. Muntaka ɗan koli ya miƙo batir biyu. Na ja ta lungun rumfa inda ake tara gawayi, na danna.

Ta kawo fuskarta dab da gilashin. Sai a lokacin na lura farar yana ta rufe mata idanu.

"Ta kama?"

"Ta kama, Inna."

"Ina ganin wani ja-ja. To kashe, kada ta ƙare bai zo ba."

Na gaya mata gaskiya, cewa ajiyar ce ta kashe ta. Na ce ta cire batir ta ajiye daban, duk Juma'a ta kwance murfin ta shafa masa man kaɗanya. Ta sa na maimaita sau biyu. Zancen Manu kuwa ban taɓa shi ba, don na ga 'yan kuza da yawa sun dawo, kuma babu wanda ya san inda yake.

Ta ƙara shekara huɗu a duniya. Da ta rasu ba a sami magaji na kusa ba, mai unguwa ya aiko mini da tocilar ta hannun Muntaka, wai ni kaɗai take ambata a kanta. Batir ɗin suna ƙulle a gefen tsumma, sun daɗe da mutuwa. Na sa yatsa biyu a murfin, ya juya ba gardama. Man da ke jikinsa ko bushewa bai yi ba.