Mak Cik Salbiah, Mai Share wa Kaguwa Hanya

Da zarar an yi ruwan farko a tsibirin Kirsimeti, Mak Cik Salbiah, wato Gwaggo Salbiah a yarenmu, ta yi sallama da shayi mai zafi. Tana idar da sallar Asuba za ta zura takalmin roba, ta kifa malafa a kan mayafi, ta saɓa manjagara ta fita. Kafin ta kai kwalta, jajayen kaguwa sun riga sun gangaro daga kurmi sun shafe hanya, ko wurin sa ƙafa babu. Shekara ashirin da tara aikinta ke nan a ma'aikatar kula da daji: ta shiga gaban mota tana ture su gefe a hankali, direba na biye da ita kamar mai rakiyar gawa.

Kaguwar nan ba a cin ta, ba ta jin hon, ba ta kuma san godiya ba. Teku kawai ta sa a gaba. Mazan ke fara sauka, su haƙa ramuka a gaɓa, su sadu da matan, su juya gida abinsu. Matan kuwa su kwanta a rami mako biyu rungume da ƙwai, sai wata ya kusa ƙarewa su fito su zube shi a ruwa.

"Aikin kwana biyu, sai hutun shekara," in ji Mak Cik, tana kallon mijinta Pak Cik Kamis, wato Kawu Kamis, ta wutsiyar ido. "Na san irinsu."

Duk mai mota a tsibirin nan ya ɗanɗani bakinta. Ku tambayi Tan Bok Huat mai raba burodi. Wata shekara ya leƙo ta taga yana kururuwa: "Kak Biah, yayata, burodi zai huce!"

"Ya huce mana. Kai uwarka a guje ta haife ka?"

Ya kauce mata ya taka mota. Bai yi nisa ba tsinin ƙafar wata kaguwa ya huda masa taya. Ta zo ta riƙe masa lema a cikin ruwan sama har ya gama canjawa, tana zazzaga masa faɗa ba ko numfashi. Tun daga ranar nan, manjagara ba ta bar motarsa ba.

Bana gwiwa ta ƙi, Mak Cik ta ajiye aiki. 'Ya'yanta suka haɗa mata tafiyar Umra ita da Pak Cik, abin da ta shekara goma tana roƙon Allah. Ita da kanta ta zaɓi ranar, domin a unguwarmu ta Kampong ko biki za a sa sai an tambaye ta yaushe kaguwa za su gama wucewa. Ta ƙirga wata ta ce ranar hanya fes take. Sai ruwa ya makara, kaguwa suka ɗaga tafiyarsu da wata guda, ba su sanar da kowa ba.

Jirgi sau biyu yake zuwa mana a mako. In wannan ya tashi babu su, ayarin Umrar da za su haɗu da shi a birnin Perth ya tafi ke nan.

Safiyar tafiya suka fito suka tarar da hanyar bakin teku ja wur. Matan kaguwa ne zalla, kowace da ƙwai cunkushe a ƙarƙashin cikinta. Saura awa ɗaya da 'yan mintoci a rufe karɓar fasinja.

Pak Cik ya riƙe sitiyari ya yi ƙasa da murya. "Biah, rufe idonki kawai. Minti biyu na wuce."

"Abang, maigidana, ka ji kanka kuwa? In take masu ciki, sannan in je in tsaya gaban Ka'aba? Da wace fuskar?"

"Kaguwa ce fa, ba ƙanwarki ba!"

"Buɗe min but."

Ta fito cikin fararen kayanta na tafiya, ta jawo manjagara, ta fara. Taku ɗaya, shara ɗaya, gwiwa na ƙara. Waɗanda suka gani sun ce hawaye take yi, don ta fi kowa sanin cewa da wannan tafiyar ko awa biyu ba za ta fitar da ita ba. Amma hannun bai ƙara sauri ba, bai kuma yi garaje ba.

Sai ga Tan a bayansu. Ya dubi farin kaya, ya dubi agogo, ya danne hon bai ɗaga ba har sai da Kampong ta leƙo. "Ku fito! Kak Biah za ta rasa jirgi saboda dangin nan nata!"

Aka fito. Mai manjagara, mai tsintsiyar kwakwa, mai kwali. Liman ya zo da murfin babbar tukunyar masallaci, zaninsa a tattare har gwiwa. Mata biyu suka ƙwace manjagarar hannunta, suka cusa ta mota tana turjewa.

Karon farko a shekara ashirin da tara, Mak Cik na zaune wasu na share mata hanya. Kuna zaton ta yi godiya? Rabin jikinta na waje ta taga.

"A hankali, ba bola kuke kwashewa ba! Bok Huat, wajen teku za ka tura ta, ina za ka mayar da ita? Malam Liman, ka kifar da waccan, juya ta!"

"Allah ya kai ki lafiya, Mak Cik," in ji Liman yana haki, "ya kuma daɗe da ke a can."

Sun isa filin jirgi ma'aikaciya na shirin rufe kantar karɓar fasinja. Pak Cik ya sungumi jakunkuna ya ruga. Ya waiwayo bai ga matarsa ba. Tana can a durƙushe tana duba tayoyin mota ɗaya bayan ɗaya.

"Biah, don girman Allah!"

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Ko ɗaya babu. Mu je."

Mak Cik Salbiah, ke ce uwar hanya. Ke ce kika koya wa tsibiri guda haƙuri da tsiya-tsiya, kika tsaya a rana da ruwa saboda halittar da ba za ta taɓa sanin sunanki ba. Mun zage ki a ɓoye cikin motocinmu, yau muna neman gafara a fili. Mun gode, Allah ya karɓi ibadarki.

Ku kuma jama'a, nan da wata guda, in teku ta yi mana kirki, 'ya'yan da aka zuba za su hauro gaɓa, kowane bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, su nemi hanyar kurmi. Za su iso kwalta su tarar babu mai malafa. Kowa ya kashe mota ya sauko.