Duwatsu Biyu daga Kan Soro

Shekarar da ruwa ya ci katangar gidanmu ta gabas a Inkil, shekarata takwas. Kafin a gyara ta, kakata Inna Dije takan hura wuta a gindin abin da ya rage, mu zauna muna gasa masara. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya kama bakinsa.

Akwai wadda ban manta ba. Wani tsoho ya hau da 'ya'yansa biyu kan dutse, ya ce wanda tsakuwarsa ta fi daɗewa ba ta taɓa ƙasa ba, gona tasa ce. Babban ya taƙarƙare ya wurga tasa gaba sak. Ƙaramin ya buɗe hannu kawai. Tare tsakuwoyin suka faɗi ƙasa, aka raba gonar biyu.

"Ƙarfinka nisa zai kai ka," in ji Inna, tana juya masara. "Amma kiran ƙasa ɗaya ne ga kowa."

Ban yarda ba. Da safe na hau soron zaure da duwatsu biyu, na saki ɗaya, na wurga ɗaya. Tare suka sauka, sai dai wanda na wurga a randar Kawu Sale ya sauka, ya fasa ta. A makon nan ake rubuta yara a firamare, kuma Kawu ne ke riƙona tun rasuwar mahaifina.

"Mai jifa daga soro ba shi da kan boko," ya ce. Ya rubuta ɗansa, ni ya miƙa mini fartanya.

Yanzu shekarata arba'in da shida, ina ajin yaƙi da jahilci a Ɗan Iya. Kwanan baya 'yata Hauwa, da ke sakandare, ta zauna tana cizon biro. Na sa ta karanta mini aikin gidan da aka ba ta. An wurga dutse gaba sak daga bene mai tsawon mita ashirin, yana gudun mita biyar a daƙiƙa. Ina zai faɗi?

Na ce, "Manta da jifan tukuna. Nemo lokacin da zai ɗauka in sakinsa aka yi. Sannan ki ga nisan da zai ci a lokacin."

Ta yi dariya. "Baba, kai da har yanzu kake bin baƙi da yatsa? Wannan ba tatsuniya ba ce."

Ta yi nata lissafin, ba ta samu daidai ba. Washegari malaminsu ya rubuta a allo: daƙiƙa biyu kafin ya sauka, mita goma daga gindin bene. Ta faɗa mini tana cire takalmi, ba ta dube ni ba.

Ban yi fushi da ita ba. Kawu ya rasu, Inna ta riga shi. Nakan dai zauna in lissafa: randa ɗaya, kujera ɗaya a aji, shekara talatin da takwas, da amsa ɗaya da na sani, 'yata ta ƙi karɓa daga bakina.