Ƙullin Ciyawa a Hanyar Ruwan Dutse

Shekarun baya, lokacin da satar shanu ta fara yawa amma daji bai kai ga gagarar mutane ba, wani abokina ɗan Bakura ya same ni a shagona a Talata Mafara da wani labari. Yana noman shinkafa a Bakolori, a can ne ya ji ana zancen wani ruwa da ke faɗowa daga kan dutse a cikin gandun dajin gwamnati, can gaba da Tsibiri. Wai sai ƙarshen damina yake zuba, kuma ba kowa ya san hanyar ba.

Ni mutum ne mai tsoro, amma ba na so a sani. Don haka na ce masa mu je.

Da hantsi muka isa Tsibiri a kan babur ɗinsa. Wanda zai raka mu wani dattijon maharbi ne, siriri, mai jan ido, da gatari a kafaɗa. Mun daɗe muna gaisawa, amma ko sau ɗaya bai yi murmushi ba. Muna gamawa ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ɗan wane ne a Mafara? Mi kaka saidawa?"

Na gaya masa wayoyi nake sayarwa. Ya ce, "To, wayoyin nan ku kashe su. Ba a ɗaukar hoto sai na ce."

A wancan lokacin ko'ina zancen masu kai wa ɓarayi rahoto ake yi. Ga mutum ya tambayi ubana, ya tambayi sana'ata, yanzu kuma ya raba ni da waya.

Muka bar babur a gidansa muka shiga daji da ƙafa. Ciyawa ta kai mana ƙirji, ƙasa da laima, hanya tana hawa a hankali tsakanin duwatsu. Ba mu yi nisa ba na lura da wani abu. Duk inda hanya ta rabu biyu, sai dattijon ya tsaya kamar yana gyara takalmi, ya kama ciyawa ya ƙulla ta sau biyu. Ƙulli biyu, mu kuma mu biyu ne. Can kuma muka wuce wata tsamiya mai tsagaggen reshe, bayan kusan awa guda sai ga mu gindinta kuma.

Na ja rigar abokina, na yi ƙasa da murya. "Mutumin nan zagaye yake yi da mu. Kuma alama yake bar wa wasu."

"Kai dai ka cika zargi," in ji shi. Amma na ga shi ma ya fara waige-waige.

Na daure na ce, "Baba, wannan ciyawar da kake ƙullawa fa?"

Bai waiwayo ba. "Tahiya muka zo yi, ba tambaya ba."

Daga nan ban ƙara ganin daji ba, ƙeyarsa kawai nake kallo. Na tuna matata tana da ciki wata bakwai, kuma ce mata na yi Bakura zan je gaisuwa. Ba wanda ya san inda nake. Na sunkuya na ɗauki wani dutse na sa a aljihu. Har yau ban san me na yi niyyar yi da shi ba, don ko kaza ban taɓa jifa na samu ba.

Bayan azahar muka fara jin ƙara kamar ta injin niƙa daga nesa. Muka ratsa wani matsatsin lungu tsakanin duwatsu biyu, sai ga shi. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama, tsayin ya kai gini hawa biyu, yana faɗawa cikin wani tafki mai sanyi da itatuwa suka rufe. Feshinsa yana taɓa fuska. Abokina ya ce, "Tabarakallah!" ya fara cire takalmi. Ni kuwa ina duba ta ina zan fita.

Sai dattijon ya sa yatsu a baki ya yi fito mai tsawo. Aka amsa daga sama. Na ɗaga kai, sai ga maza uku a kan dutsen, kowanne da abu dogo a kafaɗa.

Ban tsaya tantance sanda ce ko bindiga ba. Na kwasa da gudu, na taka wani dutse mai gansakuka, ƙafata ta turguɗe, na ji ƙas a idon sawu, na zube rabin jikina cikin ruwa. Ina kwance ina salati suka sauko. Da babbansu ya sunkuyo kaina, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Don Allah, matata ciki gare ta."

Ya dubi dattijon, ya dube ni. "Allah shi sauke ta lahiya. Miƙo ƙahwar mu gani."

Makiyaya ne, sanduna ne a kafaɗunsu. Babban ya ja ƙafar har na yi ihu, ya ɗaure ta da ɓawon itace da rawaninsa. A nan dattijon ya zauna kusa da ni ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun safe tsawo. Ya ce bayan dutsen nan mutanen suka ɓoye sauran shanunsu, bayan an kore musu garke biyu. Ƙullin ciyawa yana gaya musu baƙi nawa ke tafe, zagayen kuma don kada mu gane hanya ne.

"Ni ma ban yarda da kai ba," in ji shi. "Mai saida waya, ka taho kana ƙirga itace, kana raɗa, ka ɗauki dutse ka ɓoye. Na ce wanga aiko shi anka yi."

Abokina ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni dai na ciro dutsen na ajiye a hankali.

Su ukun suka yi ta karɓa-karɓa da ni a bayansu har bakin gonakin Tsibiri, ta gajeriyar hanya. Ko a haka, da muka zo wata mararraba, dattijon ya ce in rufe idona, na kuwa rufe. Wata biyu na yi ina ɗingishi, kuma sai da na faɗa wa matata gaskiya, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba.

Na so in ce daga ranar na daina zargin mutane, amma ƙarya zan yi. Ba a daɗe ba dajin ya zama inda ba mai shiga. Dattijon ya rasu, makiyayan kuma ban sake jin ɗuriyarsu ba. Wani ya ce mini an kwashe shanun sun yi hijira, wani ya ce ɗaya daga cikinsu ya ɗauki bindiga. Ban san wanda zan gaskata ba. Abin da na sani shi ne ƙaramin cikinsu, da yake goye da ni yana haki, sau biyu yana tambayata ko yana fama mini ƙafar. Duk sanda aka kawo labarin hari daga wajen nan, sai in ji ina roƙon Allah Ya sa ba ya ciki, ko a cikin waɗanda aka kashe, ko a cikin waɗanda suka yi kisan.