Takubban da Nahum Ya Kawo

Nahum ɗan Bukuru ne, kuma kusan a gidan silima ya girma, don mahaifinsa ne mai haska fim. Babu abin da ke ɗauke masa hankali kamar tsofaffin finafinan Amurka da aka ciro daga littattafan jarumai masu takobi, aka mayar da su barkwanci da waƙa. Ana tsakiyar faɗa jarumi zai tsaya ya rera waƙa, a sare masa hula, amma ko ɗigon jini ba ka gani.

Karatun injiniya ne ya kawo shi Kuala Lumpur. Da ya gama ya samu aiki, ya kama gida a unguwar Danau Kota, duk Asabar kuma yana zuwa Titiwangsa koyon wasan takobi. Shekara tara yana haka.

Da ɗaliban Najeriya na wata kwaleji suka shirya wasan kwaikwayo irin na waɗannan finafinan, shi suka roƙa ya tsara musu faɗan. Takubban roba suka sayo. Nahum ya ce roba ba ta yin ƙara, ya kawo nasa na ƙarfe. Umair, ɗan Zariya da ke fitowa a jarumin, ya tambaya ko za su sa kariyar fuska. Nahum ya ce ta yaya mutum zai yi waƙa fuskarsa a rufe?

Ranar gwajin ƙarshe, da hantsi, takobin abokin faɗan Umair ya karye, guntun ya tashi ya same shi a idon hagu. Ya durƙusa yana riƙe da fuska, 'yan kallo suna ta dariya, sun ɗauka cikin wasan ne.

Sau biyu aka yi masa aiki, idon bai dawo ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Ruƙayya, ta zo daga gida. Nahum ya same ta a ƙofar ɗakin jinya, ya gaya mata komai bai rage ba.

"Malam Nahum, ƙaddara ce, na yafe maka," in ji ta. "Amma don Allah kada ka ƙara zuwa. In ya ji muryarka ba ya iya cin abinci."

Bai ƙara zuwa ba. Umair ya koma Zariya bai gama karatun ba. Sauran ɗaliban har yanzu suna gaishe da Nahum da ladabi in sun haɗu a gidan abinci na mamak, shi kuwa sai ya ce a yi masa tapau, wato a ƙulle masa abincin, ya tafi gida ya ci.